Yadda Ake Binciken Rajistar Sunan Shafin Intanet, Mataki-Mataki

Tun da na fara aikin haɗa shafukan intanet a nan Bauchi, babu tambayar da ta fi yawan zuwa mini kamar wannan: "Malam, wannan shafin na gaske ne ko na 'yan damfara?" Ɗalibi daga Gwallameji ya turo linkin neman tallafin karatu, ɗan kasuwa a Wunti ya turo shafin da aka ce ya biya kuɗin kaya ta ciki, mai makaranta kuma tana so ta tabbatar da sunanta aka yi wa shafin makarantarta rajista. Kwanan nan tambayar ta yi sabon reshe. Waɗanda suka saba da WHOIS, wato tsohuwar hanyar duba bayanan rajistar sunan shafi, suna cewa sun duba sun tarar an shafe sunan mai shafin, wasu kuma suka ce sam ba ta ba su amsa ba.

Abu biyu ne suka jawo haka. Na farko, tun ranar 25 ga Mayu, 2018, da dokar kare bayanan sirri ta Tarayyar Turai ta fara aiki, kamfanonin rajista suka daina baje sunan mai shafi da lambar wayarsa a fili. Na biyu, WHOIS ɗin kanta, wadda ake amfani da ita tun 1982, an yi mata magajiya mai suna RDAP a 2015, kuma daga ranar 28 ga Janairu, 2025, hukumar ICANN, mai kula da tsarin sunayen intanet na duniya, ta ce RDAP ce madogara wajen duba sunayen da ke ƙarƙashin yarjejeniyarta. Sunan mutum ya ɓace, amma abin da ya rage a fili ya isa ya tsare maka kuɗinka in ka iya karanta shi. Karatun shi ne abin da zan nuna.

Kayan aiki da kuɗi

Waya ko kwamfuta mai burauza, data kaɗan wadda ba ta kai ta kallon bidiyo ɗaya ba, sai takarda da biro ko wurin ajiye hoton fuskar waya. Binciken kyauta ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya duba maka waɗannan bayanan, ladan zamansa kawai kake biya. Akwai kamfanonin da ke sayar da tsohon tarihin rajista, amma mai wannan buƙata ba ya cikin waɗanda nake rubuta wa.

Kalmomi uku za su riƙa dawowa. Domen shi ne sunan shafin, kamar jamb.gov.ng, kuma "suna" kawai zan riƙa kiransa. Uwar rajista ita ce hukumar da ke riƙe da kundin duk sunayen da suka ƙare da harufa iri ɗaya: kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da .com da .net, ƙungiyar NiRA kuma ke riƙe da .ng. Dillali shi ne kamfanin da ke sayar wa jama'a suna da izinin uwar rajista.

1. Ciro ainihin sunan daga cikin linki

A nan mafi yawan mutane suke faɗuwa tun kafin a fara. Kada ka danna linkin. Danne shi da yatsa har zaɓin kwafa ya fito, ka kwafe, ka zuba shi a wurin rubutu ka dube shi da kyau. Cire https:// da ke farko. Nemi alamar / ta farko, ka yar da ita da duk abin da ya biyo bayanta. Abin da ya rage, karanta shi daga dama zuwa hagu, kamar ajami.

Idan ya ƙare da .com ko .org ko .net, kalmar da ke gab da ɗigon ƙarshe ita ce sunan. Idan ya ƙare da .com.ng ko .edu.ng ko .gov.ng, kalmar da ke gaban waɗannan biyun ita ce sunan. Duk abin da ya rage ta hagu, mai shafin ne ya rubuta abinsa yadda ya ga dama, babu wanda ya tantance shi.

Misali, atbu.edu.ng sunan Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ne. Amma in ka ga an rubuta atbu.edu.ng sannan aka ɗora ɗigo da wata kalma aka rufe da .com, wannan ba shafin jami'ar ba ne ko kaɗan, shafin mai waccan kalmar ta ƙarshe ne, ya ari rigar jami'a ya yafa.

Hattara: karan ɗori (-) ba ɗigo ba ne. Sunan hukuma da aka haɗa da wata kalma ta hanyar karan ɗori sabon suna ne daban, kowa na iya sayensa. Ka kuma lura da lamba 1 a gurbin harafin l, da sifili a gurbin o, da r da n da aka manna su suka yi kama da m. A ƙaramar fuskar waya da wuya ido ya kama su, shi ya sa kwafa ta fi sake rubutawa da hannu.

2. Gane gidan da sunan yake

Sunaye gida biyu ne. Akwai na kowa da kowa, irin su .com, .org, .net, .info, .xyz da .online, waɗanda dokokin ICANN suka hau kansu. Akwai kuma na ƙasashe, masu harafi biyu, irin su .ng na Najeriya, .ne na Nijar, .gh na Gana da .uk na Birtaniya. Waɗannan kowace ƙasa da tsarinta, ICANN ba ta tilasta musu yadda za su nuna bayanai.

Ƙarshen suna shi kaɗai yana ba da labari. Ba kowa ke iya sayen .gov.ng ba, sai ta hannun hukumar NITDA, kuma na hukumomin gwamnati ne. Haka .edu.ng na manyan makarantu ne da aka amince da su. Amma .com.ng da .com, duk mai katin banki zai iya saye cikin mintuna. Saboda haka shafin da ke ikirarin ɗaukar ma'aikata a madadin ma'aikatar tarayya amma ya ƙare da .com ko .xyz, ya riga ya fara ba ka amsa.

3. Yi binciken

Rubuta lookup.icann.org da hannunka a burauza. Zuba sunan kaɗai a akwatin, babu www, babu https, ka danna maɓallin "Lookup". Wannan shafin da RDAP yake aiki, kuma kai tsaye yake tambayar uwar rajista da dillali a lokacin da ka danna, ba tsohon kwafi yake ba ka ba.

Ina ba da shawarar ka fara gwaji da sunan da ka san amsarsa. Duba google.com, za ka ga an yi masa rajista ranar 15 ga Satumba, 1997, dillalinsa kuma MarkMonitor. Da ka ga yadda shafin tsohon suna yake, na jariri zai bambanta a idonka nan take.

Idan sunan .ng ne kuma wannan shafin bai kawo komai ba, je shafin NiRA, nira.org.ng, ka yi amfani da wurin bincikensu. Idan na wata ƙasa ne da ba ka san mai riƙe da shi ba, shafin iana.org/domains/root/db yana da jerin kowane ƙarshen suna da hukumar da ke kula da shi.

Hattara: rashin amsa ba ya nufin sunan babu shi, kuma ba ya nufin na damfara ne. Sau da yawa ƙofar da ka ƙwanƙwasa ce ba ta gidan ba. Sannan in ka rubuta "whois" a Google, shafuka da yawa za su fito. Wasunsu suna nuna bayanan da suka ajiye watanni da suka wuce, wasu kuma har yanzu tsohuwar ƙofar WHOIS suke ƙwanƙwasawa alhali uwar rajistar ta rufe ta.

Ga masu son ganin ɗanyen bayani, musamman ɗaliban kwamfuta: rubuta rdap.org/domain/ ka ɗora sunan, zai tura ka wurin uwar rajistar da ta dace. Amsar za ta fito cikin JSON, wani tsarin jera bayanai da manhaja ke iya karantawa, kowane bayani a gurbinsa. Wannan shi ne babban abin da RDAP ta fi WHOIS da shi. A da kowane kamfani yana jera amsarsa yadda ya so, yanzu tsari ɗaya ne, ta amintacciyar hanyar https, kuma hukumar IANA na riƙe da jerin da ke nuna wa manhaja inda za ta kai kowace tambaya.

4. Karanta ranaku

Wannan ne matakin da na fi so mai karatu ya zauna a kansa. Ranaku uku za ka gani: "Created" ranar haihuwar sunan, "Updated" ranar da aka taɓa shi na ƙarshe, sai "Registry Expiration" ranar da wa'adinsa zai cika.

Ranar haihuwa ita ce uwa. Ka gwama ta da abin da shafin ke faɗi game da kansa. Kamfanin da ya ce ya shekara goma yana biyan masu zuba jari riba, amma sunansa mako uku da haihuwa, to ɗayan biyun ƙarya ne, kuma kundin rajista ba shi da dalilin yi maka ƙarya. Shafukan tallafin bogi da ake yaɗawa a WhatsApp lokacin azumi ko lokacin rajistar jarrabawa, in ka duba, galibi za ka tarar kwanaki kaɗan kafin saƙon ya iso wayarka aka yi musu rajista, kuma shekara ɗaya tak aka biya.

Amma tsufa ba shaidar gaskiya ba ce. Ana sayen tsohon suna daga hannun mai shi a zuba masa sabon kaya, ranar haihuwar ba ta canza ba. In ka ga suna ya tsufa amma zuciyarka ba ta kwanta ba, je web.archive.org ka zuba sunan ka ga me shafin yake nunawa shekara biyu ko uku da suka wuce. Idan a da shagon takalma ne a wata ƙasa, yau kuma ya zama bankin bashi, ka samu amsarka. Haka nan zama sabon suna ba laifi ba ne shi kaɗai, kowane shago na gari akwai ranar da aka fara buɗe shi.

Hattara: kada ka rikita "Updated" da ranar haihuwa. Biyan kuɗin sabuntawa ko canza saba, wato kwamfutar da ke sarrafa adireshin shafin, duk suna motsa ta. A ɗanyen bayani kuma akwai wani layi da ke nuna lokacin da aka sabunta kundin gaba ɗaya, wanda kusan kullum ranar yau yake nunawa, ba ruwansa da sunan da kake bincike. Lokutan duka agogon GMT ne, sai ka ƙara awa ɗaya ka samu na Najeriya.

Akwai wani tarko a ranar cikar wa'adi. A .com, idan wa'adi ya cika, uwar rajista takan ƙara shekara da kanta na ɗan lokaci ko da mai sunan bai biya ba, dillali yana da har kwana 45 ya soke. Sai mutum ya ga shekara mai zuwa a rubuce ya ɗauka an biya, alhali ba a biya ba. In sunan naka ne, asusunka na wurin dillali shi ne zai gaya maka gaskiya.

5. Karanta matsayin sunan

A ƙarƙashin "Domain Status" za ka ga wasu kalmomi a manne da juna. Ba sai ka haddace su duka ba.

Wanda ya fi tsorata mutane shi ne clientTransferProhibited, kuma shi ne mafi lafiya a cikinsu. Kwaɗo ne da dillali ya sa don kada wani ya sace sunan ya kai shi wani kamfani. Idan ka ga ok ko active, babu wani takunkumi a kansa. Idan ka ga clientHold ko serverHold, an dakatar da sunan, shafi da imel duk ba za su yi aiki ba. Na farkon dillali ne ya dakatar, na biyun uwar rajista. Dalilin yakan zama rashin biya, ko rashin tabbatar da imel, ko ƙorafi.

Biyun da ke buƙatar gaggawa su ne redemptionPeriod da pendingDelete. Na farko yana nufin dillali ya riga ya goge sunan, amma mai shi yana da kwana 30 ya fanso shi, kuɗin fansar kuwa ya ninka na sabuntawa. Na biyu, idan ya zo bayan waɗannan kwana 30 ɗin, kwana 5 ne da babu abin da za a iya yi, daga nan sunan ya koma kasuwa, duk wanda ya riga shi ne mai shi. Waɗannan lissafin na sunayen ICANN ne, na .ng ka tambayi dillalinka wa'adin NiRA.

6. Dillali da saba

Rubuta sunan dillalin da ke ƙarƙashin "Registrar Information", da imel da lambar wayar kai ƙorafi da ke wurin. Dillali ba shi ne mai shafin ba, kamar yadda mai sayar da layin waya ba shi ne mai kiranka ba. Kada ka yi mamaki in sunan da ka gani ba na wanda ka biya ba ne, da yawa daga masu sayar da suna a nan 'yan sari ne a ƙarƙashin wani babban dillali.

"Nameservers" kuma suna nuna inda ake sarrafa adireshin, wani lokaci su nuna kamfanin da shafin ya sauka. In ka ga sunan Cloudflare a ciki, wani kamfani da ke tsayawa tsakanin shafi da masu ziyara, ainihin masaukin yana bayan labule. Shafukan kirki da na banza duk suna amfani da shi, kada ka yanke hukunci a kansa.

7. Idan an ɓoye sunan mai shafi

Za ka ga "Redacted" a gurbin suna, ko sunan wani kamfanin rufin asiri. Wannan yau shi ne abin da aka saba, shafin asibiti da na ɗan damfara duk haka za su nuna. Wani lokaci akan bar ƙasa da jiha, wani lokaci da sunan kamfani.

Hattara: ko da ka ga suna da adireshi a fili, mai rajistar ne ya cike su da hannunsa. Abin da dillali ya fi tantancewa shi ne imel ko lambar waya na aiki. Mutum na iya zama a ko'ina ya rubuta Landan.

In saƙo kake son aika wa mai sunan, dillali yakan ba da fom ko wani imel na wucin gadi da ke isar da saƙo ba tare da ya nuna maka adireshinsa ba. In kuwa ainihin bayanan kake buƙata saboda shari'a, ICANN ta buɗe wata kafa mai suna RDRS a watan Nuwamba na 2023. Za ka buɗe asusu kyauta, ka bayyana ko kai wane ne da hujjarka, a miƙa wa dillali. Shi ke yanke hukunci, ba kowane dillali ne ya shiga tsarin ba, kuma bai shafi .ng ba. A ganina wannan hanya ta lauyoyi da jami'an tsaro ce, son sani kawai ba ya buɗe ta.

8. Adana shaida, sannan ka kai ƙorafi

Kafin komai, ɗauki hoton shafin, da na sakamakon binciken, da na saƙon da ya kawo maka linkin, da rasit in ka riga ka tura kuɗi. Irin waɗannan shafuka sukan ɓace cikin dare ɗaya. Idan kuɗi sun fita, bankinka ne farkon kira, a ranar, ba gobe ba. Sannan ka rubuta wa imel ɗin ƙorafin dillali gajeren bayani da Turanci mai sauƙi: sunan shafin, abin da yake yi, wanda yake kwaikwayo, da hotunan. Batun hukunta mai laifi kuma na 'yan sanda ne da EFCC, dillali iyakarsa ya dakatar da suna.

9. Idan sunan naka ne

Wata Hajiya mai makaranta a wajen Yelwa ta taɓa kirana da sassafe. "Malam, shafinmu ya mutu, iyayen yara suna ta kira." Na duba, sai ga redemptionPeriod. Na ce, "Hajiya, wa ya yi muku rajistar?" Ta ce wani yaro ne da ya haɗa musu shafin, ya tafi bautar ƙasa, layinsa ba ya shiga. Yaron bai yi da mugun nufi ba, da imel ɗinsa kawai ya yi rajistar don ya fi masa sauƙi, duk saƙonnin tunatarwa can suka tafi. Sai da aka bi ta wajen 'yan uwansa aka same shi, saura kwanaki kaɗan wa'adin ya cika, Hajiya ta biya kuɗin fansa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin sunan yana jikin allon makaranta da takardun rasit da katin sakamakon kowane yaro.

Don haka in kana da shafi, yi binciken nan a kan naka yau. Tunda an ɓoye sunan mai rajista a fili, ba za ka gan shi a can ba, sai ka shiga asusun dillali. Idan ba ka da hanyar shiga asusun, to a aikace sunan ba a hannunka yake ba, ko da kai ka biya. Ka zauna da wanda ya haɗa maka shafin, cikin mutunci, a mayar da sunan mai rajista zuwa naka ko na kamfaninka, imel ɗin ya zama wanda kake buɗewa kullum, lambar waya ta zama taka. Shi a ba shi gurbin mai kula da fasaha, aikinsa ba zai tsaya ba.

Hattara: bayan canza imel, dillali zai turo saƙon tabbatarwa. A sunayen ICANN, in ba a amsa ba cikin kwana 15 ana iya dakatar da sunan. Ka leƙa har akwatin saƙonnin banza, can yakan faɗa.

Idan kana son ƙaura zuwa wani dillali, ka cire kwaɗon nan na mataki na biyar, ka nemi lambar sirri ta ƙaura, wadda dillali ke da kwana 5 ya ba ka. Ka sani sunan da bai kai kwana 60 da rajista ko da ƙaura ba, dillali na iya hana shi tashi, kuma canza sunan mai rajista ma yakan jawo irin wannan kullen. In duka biyun kake son yi, fara da ƙaura, canjin suna ya biyo baya. Kada kuma ka fara ƙaura ana saura mako ɗaya wa'adi ya cika, sabunta tukuna.

Kan kuɗi, a 2024 farashin da Verisign ke sayar wa dillalai .com ya koma dala 10.26 a shekara, dillali ya ɗora ribarsa, shi ya sa kuɗin sabunta .com ke hawa da sauka tare da dala. Sunayen .ng a naira ake biyansu wurin dillalan gida. Ka tambayi kuɗin shekara ta biyu tun kafin ka saya, domin rangwamen shekarar farko yakan rufe ido. Sabuntawa ta atomatik tana da kyau, amma katin banki yana ƙarewa, wani kuma ba ya biyan dala, sai cirar kuɗin ta gaza ba ka sani ba. Ni abin da nake sa abokan hulɗata su yi shi ne su rubuta ranar cikar wa'adi a kalandar waya, tunatarwa ta buga saura wata biyu, su biya da hannunsu, bayan kwana ɗaya su koma lookup.icann.org su ga shekarar ta canza, su kuma ajiye rasit ɗin dillalin tare da takardun rajistar kamfani.